Tafkin Surajo na Thumama

Tun ranar da aka sallami Surajo daga killacewar korona bai sake kallon gidajen Doha da mutunci ba.

Yadda abin ya faro, ya dawo hutu daga Gumel ana tsakiyar annobar, aka kwashe su daga filin jirgi aka zuba a wani masauki, aka haɗa shi ɗaki ɗaya da wani gajeren mutum mai gashin baki, Chepe, mai kula da dawakin wani attajiri. Mutumin Nikaraguwa ne. Surajo bai taɓa jin sunan ƙasar ba, da farko ma ya ɗauka maganin tari ne. Ba Hausa, ba Larabcin kirki, Turancinsu kuwa ko an haɗa na su biyun bai isa a sayi albasa ba. To me za a yi da zaman ɗaki? Sai Chepe ya riƙa buɗe waya yana nuna masa garinsu, Giranada, wanda Turawan Sifen suka gina a bakin wani ƙaton tafki tun zamanin mulkin mallakarsu. Gidaje a jere, wannan ruwan ɗorawa, na kusa da shi shuɗi, na gaba ruwan hoda, can kore kamar ɗanyen mangwaro, duk da rufin jar laka. Tsofaffi a ƙofar gida kan kujeru masu lilo. Masu zane sun baje hotunansu a gefen titi, keken doki na wucewa. Tsibirai birjik a cikin ruwa, ga wani dutse mai aman wuta ya tsaya bayan gari yana gadinsa.

Da Surajo ya koma bakin aikinsa na gadin gidan Abu Jasim a unguwar Thumama, cewa ya yi ya ga hotunan wani gari. Ba a jima ba ya zama ya taɓa yada zango a garin. Kafin shekara ta zagayo ya yi shekara uku a can yana koyon zane wurin manyan gwanaye, har wata 'yar garin ta suma ranar da zai taho.

Abu Jasim, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, dattijo ne mai haƙuri, sai dai Surajo ya kusa cinye haƙurin. Ya taɓa wanke masa mota da soson ƙarfe. Ya taɓa yi wa dabinon tsakar gida aski har ya koma tsintsiya. Don haka da tafiyar asibiti ta kama dattijon zuwa waje, ana dab da gasar cin kofin duniya, sai ya ja Surajo har sito ya nuna masa bokitan fenti, duk launin ƙasa.

Ya ce, "Baƙi za su bi ta layin nan zuwa filin wasa. Ka shafa wannan a katanga, yadda take da, ba ƙari ba ragi. In na dawo na tarar da wata dabara taka, khalas, shi ke nan. Jirgi, Najeriya."

Surajo ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, ka ɗauka an gama."

Komawa Gumel kuwa ba ta cikin tsarinsa ko kaɗan, domin can ya riga ya shaida wa kowa cewa shi ne ya zaɓa wa filayen wasan Qatar fenti. Amma motar Abu Jasim ba ta gama shan kwana ba ya tsaya ya ƙare wa katangar kallo, doguwa, fili fetal, tana fuskantar titin da duniya za ta bi. In duniya ta tsaya a ƙofar gidan nan tana ɗaukar hoto, wane kafil ne zai yi maganar jirgi? Ai sai dai a ɗauke shi daga bakin get a ba shi ofis mai sanyi.

Da yamma Gariba ya iso. Direban tankar ruwa ne, ɗan Zongon Kumasi ta ƙasar Gana, aikinsa ba shukokin gefen titi ruwa, kuma kullum sai ya tsaya wurin Surajo shan shayi.

Surajo ya nuna layin da kofi ya ce, "Dubi nan, mutumin Kumasi. Gida bayan gida kala ɗaya, kamar an yi musu wanka da kunun gyaɗa. Mutum ya dawo a gajiye sai ya ƙwanƙwasa wa maƙwabci. Zan mai da katangar nan Giranada."

Gariba ya ce, "Massa, kai me ya dame ka da gasar nan? Mun cire ku tun a Abuja. Mu muka zo buga ƙwallo, ku kuka zo buɗe mana get."

"Ku buga ku koma gida da wuri. Namu aikin a bango zai zauna."

"Da wane fenti? Na ga na maigidanka, duk kalar rairayi ne."

"Fentin kanti na ragwaye ne. A Giranada da hannu muke haɗa launi."

Gaskiyar magana, abin da Surajo ya sani game da haɗa launi bai wuce abin da ya gani wurin kakarsa a Gumel ba, in za ta yi shafen ɗaki ana jibi Salla: a jiƙa farar ƙasa, a zuba ƙaro don ta kama, a shafa da tsumma. To in tsohuwa ta iya da tsumma, ina ga wanda ya shekara uku a Giranada?

Washegari ya maƙale a tankar Gariba suka nufi kasuwar Abu Hamour. Ya sayo zoɓo don ja, gangamau don ruwan ɗorawa, lalle don ruwan goro. Ya tsince alayyafon da 'yan gwari suka zubar don kore. Shuɗi kuma ya samo bula wurin masu wanki da guga. Ƙaro ne kawai ya gagara, duk wanda ya tambaya sai ya kalle shi ya girgiza kai. Surajo bai damu ba. A siton Abu Jasim akwai jarkokin zumar dabino, wadda Larabawa ke ce wa dibis. Ya tsoma yatsa, ya ɗago, ya ga tana bin yatsan kamar igiya.

Ya ce, "Abin da ya kama yatsa zai kama bango."

Saura tukunya. A gidan da ke manne da nasu akwai Fausatu, mai dafa abinci, 'yar Nima ta Accra, mace mai faɗin kafaɗa da bakin da ba ya kwana da magana. Ya yi mata sallama ta kan katanga ya ce aron babbar tukunya yake nema, zai dafa magani.

Ta ce, "Maganin me?"

"Na ido."

"Idon wa zai sha tukunyar waakye guda, wadda nake dafa wa gida shinkafa da wake?"

"Idon unguwa, Yaya Fausatu."

Ta ba shi don dai ta ga ƙarshen abin.

Aiki ya kankama. Ya dafa zoɓo da dibis, ya dafa gangamau da dibis, ya kirɓa alayyafo ya tace ya zuba dibis. Ya hau tsani da tsintsiyar laushi ya raba katangar gida-gida: nan ja, nan shuɗi, nan ruwan ɗorawa. Ya zana ƙofofi da tagogi da gawayi. A tsakiya ya zana babban cocin garin mai hasumiya biyu kamar yadda ya gani a wayar Chepe, sannan ya tsaya ya yi tunani, ya ɗora masa jinjirin wata a ka, don kada Abu Jasim ya ce wani abu. Kuma a faɗi gaskiya, in mutum ya tsaya daga nesa ya kanne ido ɗaya, abin ya yi kyau. Duk layin ba inda ido ke sauka sai nan.

Fausatu ta fito zubar da shara ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Injiniya, wannan fa, teburi ne ko jaki?"

"Dokin keken doki ne."

"Ƙafa biyar na gani."

"Ta biyar jela ce."

"Jela da kofato?"

"Ke ba ki taɓa fita waje ba, Yaya Fausatu. Irin dawakin can ke nan."

"Ni dai tukunyata ta dawo da kalar da ta tafi."

Rana ba ta yi nisa ba baƙin farko suka iso, kuma ba 'yan kallon ƙwallo ba ne. Ƙudaje ne suka fara zuwa, suka sauka a jan gida. Tururuwa ta biyo baya a layi, ta hau hasumiyar coci ta dama ta sauko ta hagu. Kyanwoyin unguwa suka taru suna lasar gindin katanga. Sai kuma akuyar gidan su Fausatu, wadda uwargidan can ke ajiyewa don nono, ta tsinke igiya ta zo ta lashe ƙofar coci tas, ta fara taga.

Surajo ya bi ta da tsintsiya, ya dawo yana haki, ya tarar da Gariba ya fito daga tanka yana riƙe da ciki.

"Chale, bango ka yi ko alewa?"

"A Giranada ma haka ake. Dabbobin can sun san darajar zane. In akuya ba ta lashi aikinka ba, ba a sa ka cikin gwanaye."

Daga ranar, kullum da safe sai ya sake zana abin da aka cinye jiya. Ƙofar coci ta riƙa sauya wuri, dokin kuma wata rana ƙafa huɗu, wata rana shida.

Gariba ne ya jawo na gaba, da bakinsa. Yana kurɓar shayi ya ce, "Ka ce garin a bakin tafki yake. To ga gari. Ina tafkin?"

Wasa ya yi. Surajo kuwa ya ajiye kofi a hankali, ya juya ya dubi harabar gidan, shimfiɗaɗɗiya da tayil, ta ɗan yi kwari wajen tsakiya inda ruwan wanke mota ke bi ya fita. Ya tashi ya cusa tsummoki a magudanar, ya jera buhunan yashi a bakin get, ya dawo ya tsaya gaban Gariba.

"Juyo da tankarka."

"Massa, ruwana ba na wanka ba ne, na shuka ne. Ka san daga masai ya fito kafin ya zo wurina?"

"An tace shi ko ba a tace ba?"

"An tace. Amma in ya kwana yana tuna asalinsa."

"Tafki ake kallo, ba sha ake ba. Yalla."

Gariba ya ɗaga kafaɗa ya kwance tiyo. Ruwa ya cika harabar har idon sawu. Surajo ya jera tsofaffin tayoyi a ciki ya ɗora musu tukwanen furen uwargida, ya ce tsibirai ne. Ya sa ɓawon kankana ya ce jirgin masunta ne. Ya tsaya a bakin get ya dubi gari a waje, tafki a ciki, ya ji hawaye na neman zubo masa don tausayin mutanen da ba su da baiwa.

Ruwa ya kwana, ya tuna asalinsa. Kafin azahar an rufe tagogin layin gaba ɗaya. Fausatu ta leƙo ta kan katanga da mayafi a hanci.

"Injiniya, wa ya rasu a gidanku ba ku sanar ba?"

"Iskar tafki ce. Ba ki saba ba."

"Sauro ma sun ce a gaishe ka. Sun ce tun da suka zo Qatar ba wanda ya karrama su haka."

Da wani ne, da ya sauke buhunan yashin nan ya ba ruwa hanya. Surajo tunawa ya yi ya manta da dutse mai aman wuta. Ya tara yashi a tsakiyar tafki ya yi tsibi, ya binne kaskon wuta a samansa, ya shiga majalisar Abu Jasim, falon da yake karɓar baƙi, ya buɗe ɗan akwatin icen ud. Wannan turaren dattijon ba ya ƙona shi sai babban baƙo ya zo, shi ma ɗan kamar farce. Surajo ya dumbuza da hannu biyu. Hayaƙi ya tashi daga kan dutse, ƙamshi ya kama wari da kokawa a tsakar gida, ba wanda ya kayar da wani.

Ranar wasan Sifen da Kostarika, tun la'asar layin ya cika. An hana motocin baƙi shiga, kowa a ƙafa, ga ganguna, ga tutoci. Da yawa cikin Turawan sun sayo fararen jallabiyoyi a kasuwa sun sa, suna tafe suna taka bakin riga. Gariba ya riga ya ajiye tanka a lungun gefen gida tun safe, domin rana na shanye tafkin kullum sai an ƙara. Surajo ya sa malafa, ya yafa bargo mai ratsi a kafaɗa duk da zafin, ya zauna a kujerar roba da ya ɗaure wa yankakkiyar taya a ƙafafu don ta yi lilo.

Kuma abin da ya faɗa ya tabbata. Jama'a suka tsaya. Wayoyi suka tashi sama. Wannan ya tsaya a jan gida, wancan a shuɗi, wasu suka jeru a gaban coci suka rungume juna suka jingina da bango. Wata mata ta leƙa get ta ga tafki da hayaƙi, ta toshe hanci da hannu ɗaya ta ɗauki hoto da ɗayan.

Surajo ya miƙa wa Gariba wayarsa ya ce, "Kira min mutanen Gumel da bidiyo. Su gani da idonsu. Ka riƙe daidai, ka tabbata ina ciki."

Gariba ya kira, ya saita. Fuskoki suka cika allon waya daga can bakin kasuwar Gumel.

Surajo ya yi lilo baya ya ce, "Jama'a, ga ɗan abin da muka taɓa da hannun hagu."

Daidai nan mutanen da suka jingina da coci suka gama hoto suka juya za su tafi. Gumi ya riga ya yi aikinsa. Na farko ya tafi da taga guda a gadon bayansa, da ƙarafunanta. Na biyu ya ɗauki hasumiya da rabin jinjirin wata. Wani ƙaton Basifaniye mai jan gemu ya kwashi dokin nan ɗungurungum, ƙafafu da jela, ƙudaje na rakiyarsa. Abokinsa ya nuna masa. Ya ja rigar ya leƙa, ya shafa, ya lasa yatsa, ya tsaya yana kallon Surajo.

Fausatu, wadda ta fito da kujerarta tun ɗazu, ta ce, "Injiniya, ga dokinka zai shiga kallon ƙwallo."

Surajo ya miƙe ya ɗaga hannu ya ce wa Gariba, "Faɗa musu kyauta ce. A Giranada baƙo ba ya tafiya hannu biyu."

"Faɗa musu da kanka. Ai yarensu ɗaya da mutanen can."

Ana cikin haka wani gajeren mutum mai gashin baki ya kutso daga cikin 'yan Kostarika, ya tsaya gaban abin da ya rage na coci. Ya dubi hasumiya, ya dubi jinjirin wata, ya dubi tafki da tayoyi, ya dubi mai malafa. Sai ya fashe da dariya har ya durƙusa, ya taso da hawaye ya rungume Surajo yana bubbuga bayansa, yana zuba magana kamar an buɗe famfo. Chepe ne.

Gariba ya matso da waya ya ce, "Alhamdu lillahi, ga ɗan garinku. Yi masa yaren mu ji."

Surajo ya ce, "Amigo." Ya yi tari. Ya sake cewa, "Amigo." Sannan ya juyo ya ce, "Yaren unguwarsu daban da na unguwarmu. Shi ɗan bayan tafki ne."

Chepe bai san me ake cewa ba, murna kawai yake yi. Ya zaro wayarsa ya nemo wani hoto ya nuna wa Gariba, ya nuna wa Fausatu, ya kai har gaban wayar da ke kallon Gumel. Su biyu ne a kan gadajen masauki, kowa da takunkumi a fuska, Surajo na riƙe da wayar Chepe yana leƙen hoton coci. Da guntun Larabcinsa da nuni da hannu ya bayyana musu: korona, ɗaki ɗaya, wannan mutum kullum sai ya ce a sake nuna masa.

Fausatu ta ce, "Ashe a ɗakin killacewa tafkin yake. To wadda ta suma fa, nas ce?"

Dariyar Gumel ta fito ta lasifikar waya, har da wani mai tafi.

Surajo ya buɗe baki zai gyara zancen, sai ya ga Fausatu ta daina dariya tana kallon ƙarshen layi. Can cikin jama'a ga wani dattijo a farar jallabiya mai guga, da sanda, yana tafe a hankali ya ɗaga hanci sama yana shaƙar iska kamar mai bin sawun wani abu da ya sani. Abu Jasim ne. Likita ya sallame shi da wuri, ya ce bari ya dawo ya ga gasa a garinsu.

Nan fa basirar Surajo ta yi tsalle. Fentin da gumi ya ɗauka, ai ruwa zai ɗauke shi gaba ɗaya. Kafin dattijo ya ratso taron nan, katanga ta koma yadda take, ba ƙari ba ragi. Ya yar da bargo ya ruga lungu, ya janyo tiyon tanka.

Gariba ya ce, "Massa, kada ka buɗe duka, mutum biyu ke riƙe shi."

Ya buɗe duka.

Tiyo ya kumbura ya miƙe kamar mesa ta ji wuta. Ya fara da katanga, inda ja da shuɗi da kore suka haɗu suka gangaro launin miyar kuka. Ya fizge ya koma kan jama'a, fararen riguna suka watse ana ihu cikin yare goma. Ya ɗaga Surajo ya juya shi ya nufi cikin gida, ya daki dutse mai aman wuta, dutsen ya yi tsuwa ya tura hayaƙinsa na ƙarshe ya rushe. Sannan ya sauka kan buhunan yashin bakin get ya ture biyu.

Tafki ya samu hanya. Ya fito titi da tsibiransa, tayoyi na tafe da furannin uwargida a kansu, jirgin masunta na biye. Abu Jasim ya iso ƙofar gidansa daidai lokacin da tafkin ke fita. Ruwa ya tafi da takalminsa ɗaya. Ya yi taga-taga, ya kai hannu zai dafa, ya jingina da katanga da kafaɗa da baya, ya murza a jikinta kafin ya samu tsayuwa.

Gariba ya kashe tanka. Layin ya yi tsit, sai ganga ɗaya can nesa da ba ta san abin da ake ciki ba.

Dattijo ya ɗago daga bango. Jallabiyarsa ta kwashi duk abin da ya saura na Giranada, ja a kafaɗa, ruwan ɗorawa a baya, kore a gwiwar hannu. Akuyar gidan su Fausatu ta matso ta fara lasar bakin rigar.

Ya ce, "Surajo."

"Na'am, Baba. Sannu da hanya. Ya jiki?"

"Ƙamshin udina nake ji tun daga bakin titi."

"Dutse mai aman wuta ne, Baba. Ya mutu yanzu."

"Ɗayan warin fa?"

"Na Gariba ne."

Gariba ya ɓuya bayan Fausatu da wayar a hannu, Gumel na kallo.

Abu Jasim ya dubi katangarsa, wadda yanzu ba ta da launin da ke da suna. Ya ce, "Ina fentin da na bar maka?"

Surajo ya gyara tsayuwa, domin a nan dai yana da abin alfahari. "Yana sito lafiya lau, Baba. Ko murfi ɗaya ban buɗe ba."

Dattijo ya rufe ido. Wani Bature ya matso da ladabi, ya nuna jallabiyar, yana tambaya a wane kanti ake samun irinta. Chepe ya kama hannun dattijon yana roƙo da yarensu yana nuna Surajo, yana dafa ƙirji. Shi kuwa gogan ya zube a cikin ragowar tafki, malafa a hannu.

"Baba, komai ka yanke na ɗauka. Banda jirgi."

Abu Jasim ya kori akuyar da sanda. Sannan ya ce, "In na mai da kai Najeriya, can ma akwai bango, kuma mutanen ba su yi min laifin komai ba. Gobe ka buɗe bokitan nan ka shafa. Ka wanke gidana, ka wanke titi. In ka gama zan kai ka inda babu bango."

Haka aka yi. Surajo ya shafe katanga da launin ƙasa, Fausatu na zaune tana nuna masa inda ya tsallake, tukunyarta a gefe, cikinta ya rine ruwan ɗorawa har abada. Da ya gama aka saka shi a bayan a-kori-kura da jakarsa, aka nufi Shahaniyya, wurin garken raƙuman Abu Jasim, inda ba komai sai tanti, da shingen waya, da rairayi iyakar ganin ido.

Da gari ya waye ya aika wa Gumel saƙon murya cewa an ƙara masa girma, yanzu shi ne shugaban reshen sahara, abin da suka gani a bidiyo kuwa bikin rufe baje koli ne, haka ake yinsa a ƙasashen da suka ci gaba.

Ya ajiye waya ya fito bakin tanti da kofin shayi. Sai ga wata taguwa ta taso daga bayan shinge, fara sol, wadda Abu Jasim ke ji da ita fiye da duk garken. Ta zo ta tsaya a gabansa ta ba shi gefe, haƙarƙarinta shimfiɗe, mai faɗi, ba tabo ko ɗaya. Surajo ya karkata kai. Ya kanne ido ɗaya. Ya ja da baya taku kaɗan ya sake dubawa.

Ya ɗauki waya ya kira Gariba.

"Mutumin Kumasi, in ka bi ta Abu Hamour ka taho min da gangamau da zoɓo. Shi lalle ina da sauransa."